Sa'ad Da Daniyel Ya Shiga Makaranta A Babila

Karatu: Littafin Daniyel, sura ta 1

  

Ga shi watan Satumba ya kama, dogon hutu ya ƙare. A gidaje da yawa an riga an sauko da akwati an kakkaɓe shi. Takardar da makaranta ta aiko tana hannun uba, yana karantawa yana ajiyar zuciya: bokiti, katifa, gidan sauro, tsintsiya, fartanya, sabulu, farin takalmi, littattafan rubutu dozin guda, sa'an nan kuɗin makaranta can a ƙasa. Uwa kuwa tana tuya ƙuli-ƙuli, tana auna garin rogo da sukari. Lokaci ne mai wuya, duk manomi ya sani. Dawa tana gona tukuna, rumbu ya yi ƙasa. Wanda ya yi gaggawar kai sabuwar masara kasuwa yakan sayar da ita da araha, ya dawo ya saye ta da tsada a tsakiyar damina. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, ko kuɗin motar da za ta kai yaro makarantar kwana ya zama abin lissafi. Akuyoyi da yawa za su bar gida a wannan mako domin yara su shiga aji.

Tun da yake abin yana cin mana dukiya haka, ya kamata mu tambayi kanmu, da wace irin zuciya yaron nan zai shiga ƙofar makaranta? Domin amsa wannan, bari mu dubi wani saurayi wanda shi ma ya fara sabuwar makaranta, cikin halin da ya fi namu tsanani.

A shekara ta uku ta sarautar Yehoyakim sarkin Yahuza, wato wajen shekara 605 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar sarkin Babila ya kewaye Urushalima da yaƙi. Ya kwashe waɗansu kayan Haikali, ya kuma umarci Ashfenaz, shugaban fadawansa, ya zaɓo samari daga gidan sarauta da gidajen manya, masu lafiyar jiki da kaifin kai. Aka kai su Babila, a bakin kogin Yufiretis, cikin ƙasar da muke kira Iraƙi a yau. Tafiya ce mai nisa ƙwarai. Sa'ad da Ezra ya bi hanyar nan daga baya zuwa Urushalima, wata huɗu ya yi a kanta. Babu ranar ziyara, babu hutun tsakiyar zango, babu uwar da za ta aiko da yaji da man gyaɗa. Sarki ya yanka musu shekara uku ta karatu, bayan haka za su tsaya a gabansa ya jarraba su da kansa.

Abin da aka sa su koya kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Harshe da rubutun Kaldiyawa ne. Mutanen Babila suna rubutu a kan ɗanyen yumɓu da tsinken kara, alamominsu kuma ɗaruruwa ne, ba kamar haruffanmu na boko da yaro kan haddace cikin 'yan makonni ba. Gwanaye ne wajen lissafi da duban taurari. Da sittin sittin suke ƙidaya, daga wurinsu ne ma duniya ta gaji raba awa zuwa minti 60. Duk ɗalibin da ya dubi agogo yana jira a kaɗa ƙararrawar tashi, lissafin Babila yake dubawa. Littattafansu kuma cike suke da labarin gumakansu da duba da fassarar mafarkai.

Sa'an nan aka sāke musu suna. Daniyel, wanda ma'anar sunansa ita ce Allah ne alƙalina, ya koma Belteshazzar, sunan da ke haɗe da gunkin sarki. Hananiya ya koma Shadrak, Mishayel ya koma Meshak, Azariya kuma, wanda sunansa ke cewa Ubangiji ya yi taimako, aka kira shi Abednego, wato bawan gunkin nan Nebo.

'Yan'uwa, ku lura da kyau da abin da samarin nan suka karɓa. Sun karɓi karatun, ba mu ga sun ƙi shiga aji ba. Sun zauna gaban malamai waɗanda ba su san Allah na Isra'ila ba, suka koyi abin da aka koya musu, har suka fi kowa iyawa. Sunan da aka laƙaba musu ma ba su tā da rigima a kansa ba. In aka kira Belteshazzar, Daniyel yakan amsa, ya san ko shi wane ne a zuciyarsa. Muna jaddada wannan domin akwai wata irin ibada ta ragwanci da ke shiga tsakanin matasanmu. Yaro ya ce ba ya son lissafi, shi zumunta ce ta dame shi. Yana wurin koyon waƙa ran Litinin, yana taron addu'a ran Laraba, yana kwanan addu'a ran Jumma'a, littafin kimiyya kuwa ko buɗe shi bai yi ba tun farkon zango. In sakamako ya fito sai ya ce maƙiya ne. Zumunta abu ne mai kyau, muna ƙarfafa ku ku shiga. Amma akuyar da aka sayar, domin ka koyi lissafi aka sayar da ita. Littafin ya gaya mana Allah ne ya ba samarin nan huɗu ilimi da ganewa, gaskiya ne, amma a cikin shekara uku ta zaman aji ya ba su.

Kakanninmu cikin bangaskiya sun san darajar wannan. Sa'ad da aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya cikin Hausa a 1932, manya masu furfura sun zauna a ƙasa tare da yara suna koyon a, ba, ca, domin su karanta shi da idonsu. Makarantu irin na Wusasa da Gindiri da Kagoro da Waka a Biyu, da ƙafa waɗansu suka riƙa zuwa, akwatinsu a kā. Bai kamata jikokinsu su zama masu gudun littafi ba.

To, abu ɗaya ne Daniyel ya ƙi. Sarki ya sa a riƙa ba su abinci da ruwan inabi daga teburinsa kowace rana. Aya ta 8 ta nuna mana Daniyel ya yanke shawara a ransa cewa ba zai ƙazantar da kansa da wannan abinci ba. Masanan Littafi sun kawo dalilai. Akwai naman da Shari'ar Musa ta hana, akwai kuma al'adar miƙa abincin sarki ga gumaka kafin a ci. Har wa yau, a ƙasashen nan na gabas, kamar a wurinmu, wanda ya ci daga akushin sarki ya zama yaron sarki, bakinsa ya ɗauru. Ba cin nama ne zunubi ba, gama a sura ta 10 mun ga Daniyel da tsufansa ya bar nama na mako uku kawai saboda makoki, wato a sauran lokaci yakan ci. Abin da ya gane shi ne, a wannan makaranta, a wannan lokaci, nan ne za a san ko shi na wane ne.

Ga abin da muke so 'yan makaranta su riƙe. Shawarar nan a farkon karatu ya yanke ta, tun bai saba da ƙanshin girkin fada ba. Da ya ce bari in ci na wata guda in ga yadda wurin yake, da abin ya yi masa wuya. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, zangon karatu ma haka yake. Makon farko ne yaro ke zaɓen wurin zamansa a aji, ko gaba ko can baya inda ake hira. Makon farko ne yake samun abokan da zai ci abinci da su. A daren farko ne 'yan ɗakin kwanansu za su gani ko yakan durƙusa ya yi addu'a kafin ya kwanta. In ya yi a daren farko, za su yi masa dariya kwana biyu su gaji, su ce haka yake. In ya ji kunya ya bari sai an saba, a wata na uku zai fi jin kunya. Yarinyar da ta sani tun daga gida cewa ba za ta shiga ɗakin wani malami ita kaɗai da yamma ba, ba ta bukatar dogon tunani ranar da aka aiko kiranta, sai ta ɗauki ƙawarta su tafi tare.

Ku dubi kuma yadda ya ƙi, gama a nan ne da yawa daga cikinmu muke tuntuɓe. Bai kifar da akushi ba, bai zagi masu dafuwa ba, bai tara 'yan'uwansa su yi bore ba. Ya je wurin shugaban fadawa ya nemi izini. Mutumin ya gaya masa gaskiya, ya ce yana tsoron sarki, in aka ga sun rame fiye da sauran samari, kansa ne zai tafi. Daniyel bai ce masa wannan matsalarka ce ba. Ya ɗauki tsoron mutumin da muhimmanci. Sai ya koma wurin wakilin da aka sa ya lura da su, ya kawo shawarar da ba za ta jefa kowa cikin hatsari ba: a gwada su kwana 10 da ganyaye da irin abin da gona ke bayarwa, da ruwan sha, sa'an nan a duba fuskokinsu a gwama da na sauran, a yi abin da aka gani ya dace. Kwana goma ba su isa su sa a fille kan kowa ba. Wakilin ya yarda, da kwanakin suka cika kuwa aka tarar sun fi sauran kyan gani da ƙiba.

Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ɗalibi mai bi yana iya tsayawa a kan gaskiyarsa ba tare da ya raina shugaban makaranta ba, ba tare da ya zagi addinin ɗan ajinsu ba. A makarantunmu na gwamnati yaranmu suna zama benci ɗaya da 'yan'uwanmu Musulmi, suna aron biro, suna buga ƙwallo tare. Haka ya kamata. Annabi Irmiya, a sura ta 29, ya aika wa kamammun Babila wasiƙa ya ce su gina gidaje su yi shuka, su nemi zaman lafiyar birnin da suke ciki, su yi masa addu'a. In an faɗa wa bayi haka game da birnin da ya ci su da yaƙi, balle mu da muke ƙasarmu tare da maƙwabtanmu. Kada wani yaro ya bar gida da zuciyar faɗa. Mun ga abin da ƙaramar gardama tsakanin ɗalibai takan jawo wa gari ɗungum.

Yanzu bari mu ambaci akushin sarki na zamaninmu da sunansa. Ga ɗalibai da yawa, satar jarrabawa ce. Kowa ya san ana bukatar kiredit biyar, har da Turanci, kafin a shiga jami'a, ga kuma jarrabawar JAMB a gaba. Saboda haka sai aka buɗe kasuwa. Akwai makarantun da ake kai yara can cikin ƙauye su rubuta WAEC ko NECO, inda ake rubuta amsa a kan allo, mai tsaro yana waje yana shan lemo. Akwai amsoshin da ke yawo a waya da dare kafin jarrabawa. Ba sabon ciwo ba ne. A 1984 gwamnatin soja ta kafa dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 21 a kan wannan laifi, a 1999 aka sake yin wata doka musamman dominsa, duk da haka abin bai mutu ba. Doka ba ta kashe shi ba domin ba yara ne kaɗai ke ciki ba. Yaro ɗan shekara 16 ba shi da kuɗin da ake biya a irin wuraren nan. Uba ne ke biya, wani lokaci kuwa uban dattijon ikkilisiya ne, uwar kuma tana ɗaure da zanen Zumuntar Mata. Sa'an nan in sakamako ya fito a zo gaban jama'a ran Lahadi da baiko na godiya, a ce Ubangiji ya yi abin al'ajabi. 'Yan'uwa, wannan baiko ba ya hawa sama. Mun koya wa yaron cewa Allah yana da amfani a cikin sujada, amma in magana ta kai ga abin da zai ci gobe, sai a bi ta bayan gida. Darasin nan zai riƙe shi fiye da duk abin da ya ji a makarantar Lahadi.

Kuma abin yana dawowa kanmu. Wanda aka saya wa kiredit a kimiyya, shi ne gobe zai riƙe allura a asibitin da za a kai mu. Wanda aka rubuta wa Turanci, shi ne zai koyar da jikokinmu. Manzo Bulus ya zauna shekara ɗaya da rabi a Koranti, kusa da inda Helenawa ke yin babbar gasar tsere da dambe da kokawa kowace shekara biyu, inda ladan gwani rawanin ganye ne kawai. Ya san 'yan wasa sarai. Shi ya sa ya tuna wa Timoti cewa ba a naɗa wa ɗan wasa rawani sai ya bi ka'idar wasan. Ku da za ku shiga ƙungiyar ƙwallon makaranta a bana, maganar ta shafe ku ta wata fuska, gama rage shekaru domin a buga da ƙanana, shi ma satar amsa ne.

Me ya sa muke wannan magana a Satumba, alhali jarrabawa sai Mayu da Yuni? Domin wanda ya sa a ransa cewa za a taimake shi a ƙarshe, ba zai yi karatu a zangon farko ba. In Mayu ya zo kuwa ba shi da wata hanya sai satar. Amma wanda ya rufe wannan ƙofa tun yau, ya san babu mai cetonsa sai littafinsa da alherin Allah, zai tashi da asuba. Iyaye, ku zauna da ɗanku kafin ya tafi, ku gaya masa a fili: a gidan nan ba za mu biya kuɗin satar amsa ba, abin da ka samu da guminka shi za mu karɓa da godiya, in ka fāɗi za mu sake biya maka ka sake rubutawa. Maganar tana da nauyi a baki, musamman in ɗan maƙwabci ya riga ya shiga jami'a ta waccan hanya. Ku faɗe ta duk da haka.

Daniyel bai tsaya shi kaɗai ba, su huɗu ne. Samari da yawa aka kwaso daga Yahuza, amma sunayen huɗu kaɗai muka sani. A sura ta 2, da sarki ya ba da umarni a kashe masu hikima duka, wurin abokan nan uku Daniyel ya koma suka yi roƙo tare da dare. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ɗalibi, ba ka bukatar aji duka su so ka. Nemi biyu ko uku waɗanda za su tashe ka karatu, su kuma tsawata maka in ka fara karkacewa.

Akwai wani nauyi a zuciyar iyaye wanda ba za mu tsallake shi ba. Tun daren 14 ga Afrilu 2014 da aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantarsu a Chibok, kai yaro makarantar kwana ya zama abin fargaba a ƙasarmu. Aka sake yi a Dapchi a 2018, a Ƙanƙara a 2020, a makarantar Bethel Baptist kusa da Kaduna a 2021, da waɗansu wurare bayan haka. 'Ya'yan Kirista da 'ya'yan Musulmi duka abin ya ci. Ba za mu ce wa kowa kada ya ji tsoro kamar babu abin tsoro ba. Nehemiya, sa'ad da ake barazana ga masu ginin garun Urushalima, ya yi addu'a, ya kuma sa masu tsaro dare da rana. Ku je taron iyaye da malamai, ku tambayi zancen katanga da masu gadi da abin da za a yi in an ji motsi da dare. In wurin bai kwanta muku a rai ba, ku nemi makarantar jeka-ka-dawo kusa da gida. Abin da muke roƙo kawai shi ne kada tsoro ya sa a cire yarinya daga karatu gaba ɗaya a yi mata aure tana aji uku, gama abin da masu kai harin suke nema ke nan. Mu kuma tuna cewa littafin da muka karanta yau labarin yaran da aka kwashe daga hannun iyayensu ne, Allah kuwa bai rabu da su a can ba. Iyalan da har yanzu suke jira, kada mu daina ambatonsu a addu'ar safe.

Muna da magana kuma ga wanda zai maimaita aji a bana, ko wanda zai sake zama jarrabawa karo na biyu ko na uku. Ƙannenka sun tarar da kai, kana jin kamar kowa yana kallonka. Ka san Yahaya Markus? Ya bi Bulus da Barnaba a tafiyarsu ta farko, da suka kai Bamfiliya sai ya juya ya koma Urushalima. Da za a sake fita, Bulus ya ƙi a tafi da shi, har gardama ta raba manzannin biyu. Barnaba ya ɗauke shi suka tafi Kubrus. Bayan shekaru, Bulus yana kurkuku, ya rubuta wa Timoti ya ce ya zo masa da Markus domin yana da amfani a gare shi. Bara ta wuce. Sayi sabon littafin rubutu, ka zauna a gaba, ka tambayi abin da ba ka gane ba ko da za a yi dariya. Malamai, ku ne Barnaba na irin waɗannan yara. Mun san albashi ba ya isa, wani lokaci ma ba ya zuwa a kan kari, amma kalma ɗaya da kuka faɗa wa mai maimaita aji a makon farko tana iya tsayar da shi ko ta kore shi.

Da shekara uku suka cika, Nebukadnezzar ya yi musu tambayoyi da kansa, a nan babu wanda zai miƙo wa wani amsa ta taga. Ya tarar samarin nan huɗu sun fi masu sihiri da bokayen mulkinsa har sau goma. Aya ta ƙarshe ta ce Daniyel ya kasance a wurin har shekarar farko ta sarki Sairus, wanda ya ci Babila a shekara 539 kafin haihuwar Almasihu. Shekara sittin da ɗoriya ke nan. Nebukadnezzar ya mutu, mulkin Babila ya fāɗi, yaron da aka kawo a matsayin bawa yana nan yana aiki.

Muna roƙon fastoci da dattawa, ran Lahadi mai zuwa ku kira 'yan makaranta da malamansu su fito gaba a yi musu addu'a. Bayan an tashi kuma ku bincika a asirce, ba daga kan bagade ba, ko akwai ɗan gwauruwa ko maraya da zai zauna a gida ran Litinin saboda kuɗin makaranta ko rigar makaranta. A fitar daga asusun ikkilisiya a biya, kada a kira sunansa a sanarwa.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, ga 'ya'yanmu za su kama hanya. Ka kiyaye su a mota, ka kiyaye su a ɗakin kwana. Ka ba su tagomashi a gaban malamansu kamar yadda ka ba Daniyel a gaban Ashfenaz. Ka buɗe wa iyayen da ba su haɗa kuɗi ba tukuna hanya. Ka komo da waɗanda ke hannun masu garkuwa zuwa gidajensu. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Amin.

Sai mun sake saduwa mako mai zuwa a daidai wannan lokaci, in Ubangiji ya yarda. Ku huta lafiya.